Dutsen da Kebur Ya Zagaye

A shagona na markaɗe akwai maƙalai bakwai a jikin bango, na siririn ƙarfe, inda nake rataye rariya da kofuna. Ni na lanƙwasa su da hannuna, kuma su ne suka kusa hana shagon buɗewa a ranar da na yi wa mutane alkawari. Tun rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, yara suke ta cewa in rubuta wani abu a kansa. Na gwada rubuta kwanakin asibiti, alƙalamin ya ƙi tafiya. Amma wancan makon zan iya rubuta shi, don har yanzu in na tuna sai in kama kaina ina murmushi.

A Gada Biyu muke, a shekarar da Babbar Sallah da Kirsimeti suka faɗo kusan mako guda. Malam, haka nake kiransa, mai aikin wuta ne, yana saka waya a gidaje da shaguna. Ni kuwa tun ina budurwa nake taya innata markaɗe a Laranto, kuma da ƙarfinta ya ƙare sai ta ba ni kan injinta. Shekara biyu yana ajiye a bayan ƙofa, lulluɓe da buhu, don babu abin da zai juya shi. Sai Malam ya samo wani tsohon injin lantarki da ya ƙone, irin wanda ake ɗaura wa bel, ya riƙa zama bayan la'asar yana naɗa masa sabuwar waya da hannunsa, zare bayan zare, har wata biyu. Ya gina mini ɗan shago na bulo a bakin hanya. Ranar da aka ɗora kwano ya ce daga yau sunana Manaja, kuma bai sake kirana da wani suna ba.

Ni ba na iya riƙe farin ciki a ciki. Na gaya wa matan Islamiyyarmu, na gaya wa masu tumatur na bakin gada, na gaya wa Mama maƙwabciyarmu, ita kuma ta kai labarin zumuntar mata ta cocinsu. Magana ɗaya nake faɗa wa kowa: ranar Laraba, jajiberin Sallah, a kawo markaɗe. Wata ta ce, "To mun fasa zuwa Laranto ke nan?" Na ce, "Ku fasa, na ɗauke muku." Duk wadda ta taɓa bin layin markaɗe ranar jajibere ta san nauyin wannan magana. In na saɓa, mata wajen talatin ne za su wayi garin Sallah da ɗanyen tumatur a bokiti, kuma sunan da za su ba ni shi zai bi shagon har abada.

Tsakanin bangon gidanmu, inda mita take, da shagon akwai taku arba'in. A tsakiya akwai dutse, girmansa kamar saniya ta kwanta, a kansa muke shanya barkono da kuɓewa. Yawancin masu shago a layinmu ta sama suke jan waya, a kan gora. Malam ya ce shi ba zai ja wa matarsa wuta a kan gora ba. Wani da ya yi wa aiki ya ba shi ragowar kebur mai sulke, wato irin wanda aka nannaɗe wayoyin cikinsa da siraran ƙarafa, aka rufe da baƙar roba, don a binne shi. Ya haƙa rami, da ya zo kan dutsen sai ya zagaye shi. Kebur ɗin ya kai cif-cif, ko ɗan yatsa bai ragu ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya shirya tafiya Bukuru, aikin kwana biyu. Ya bar bakunan kebur ɗin a jingine da bango, ɗaya a gida ɗaya a shago, ƙarafan sulken sun baje a ƙarshe kamar tsintsiya. Ya tsaya a ƙofa da jakarsa ya faɗi wata magana a kansu. Na tuna na ce to. Amma a lokacin ina tsaye kan kujera ina shafa wa bango shuɗin fenti, tunanina duk yana kan ƙofa, ko ja zan yi mata ko kore.

Ranar Asabar ƙarafan nan suka yaga mini zani sau biyu, suka yage ni a ƙauri. Ina cikin goge jinin sai ga ƙanin Malam a kan babur. Shi ma mai aikin wuta ne, magidanci da 'ya'ya uku, a unguwar Congo-Russia yake zaune, kuma ni da shi ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

"Matarmu, ina injin da ake ta shela har unguwarmu?"

"Ga shi nan, yana jiran yayanka."

"Yaya! In kika biye masa sai Sallar baɗi. Mutumin da yake auna ƙusa kafin ya buga ta."

Ya leƙa shagon, ya taɓa kebur da ƙafa, ya ce aikin minti ashirin ne. Ban ce masa a'a ba. In faɗi gaskiya, ni na miƙa masa filaya. Ƙarafan suna hana kebur lanƙwasawa ya shiga akwatin da ke bango, don haka ya feɗe baƙar robar tun daga inda kebur ya fito daga ƙasa har sama, ya datse ƙarafan gaba ɗaya, tsawon hannu guda, ya naɗe wurin da baƙin salatif. Ya je bangon gidanmu ya yi wa ɗaya bakin haka. Na tambaye shi ko ba komai. Ya ce, "Je ki leƙa shago goma a garin nan, tara haka suke. Na goman kuma Yaya ne ya yi."

Akwai wuta a ranar. Ya danna.

Ban san yadda zan rubuta wannan ƙara ba. Injin ya yi tari sau ɗaya, bel ya kama, kwanon rufi ya ɗauki rawa. Guɗa ta kuɓuce mini. Mama ta shigo a guje da kumfar sabulu a hannu tana cewa, "Ya tashi? Ya tashi?" Na markaɗa tumatur uku da attarugu biyu, na tsaya ina kallon jan ruwa yana zuba a roba kamar ban taɓa gani ba. Bayan ƙanin Malam ya tafi na ga ƙarafan zube a ƙasa, farare, masu ƙyalli. Ni ba na iya ganin abu mai amfani a yashe. Na haɗa su uku-uku na murɗe, na lanƙwasa, na jera su a bango. Bakwai suka fita. Na rataye rariyoyina, na ja baya ina kallo, na ce lallai Malam zai ga aiki.

Ranar Lahadi da hantsi Malam ya dawo. Ko ruwa ban bari ya sha ba na ja shi shago. Ya yaba fenti. Ya ce jar ƙofa ta yi. Sai idonsa ya kai kan bango. Ya sauke rariya ɗaya, ya shafa maƙalin da babban yatsa.

"Manaja, a ina kika sayi waɗannan?"

"Saye? Ni na yi su. Ka ga..."

Ban ƙarasa ba, don na ga inda idonsa ya sauka. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon baƙin salatif ɗin. Malam ba mai faɗa ba ne; in ransa ya ɓaci sai ya ƙara yin a hankali. Ya miƙe ya nufi gida, na bi shi. Ya buɗe wurin mita, ya zare fis ɗin layin shago, ya hure shi, ya saka a aljihun gaban rigarsa, ya ɓalla maɓalli.

"Injin nan ba zai sake tashi ba sai sulke ya dawo ya haɗu da ƙasa."

"Malam, ai ya tashi jiya! Lafiya lau!"

"Na sani. Allah ya tsare."

"Laraba fa saura kwana uku."

Ya ce ya sani. Ya ɗauko wayarsa ya kira ƙaninsa.

A kan dutsen suka zauna, ni ina tsaye. Baba, mijin Mama, ya ji muryoyi ya fito da kujerarsa. Tsoho ne ɗan asalin tsaunukan nan, ya yi aikin haƙar kuza tun yana saurayi, kuma duk gardamar da za a yi a layinmu sai an ajiye masa wuri.

Ƙanin Malam ya ce, "Yaya, kai kana ta cewa ƙasa, ƙasa. To kebur ɗin a ina yake kwance? Ba cikin ƙasa ba? Taku arba'in yana binne, wace ƙasa kuma kake nema masa?"

Ni ma a raina na ce gaskiyarsa. Malam ya zaro wani guntun kebur daga jakarsa, ya riƙe shi ta baki yadda duk za mu gani. Ya nuna tagullar tsakiya mai ɗaukar wuta, ya nuna robar da ta rufe ta, ya nuna zoben ƙarafa, sannan ya ƙwanƙwasa baƙar robar waje da farce.

"Wannan rigar fa? Ƙarfen yana cikin ƙasa, amma bai taɓa ƙasa ba. Yau wani ya zo haƙa kwata ya sa diga, ko ruwa ya shiga ta baki, wuta ta tsallaka ta hau ƙarfen. Ina za ta? Ba ta da hanya. Sai ta zauna a jikinsa shiru, tun daga gida har shago. Fitila tana ci, inji yana juyawa, ba wanda ya sani. Sai ranar da hannu ya taɓa." Ya juyo ya dube ni. "Shagon markaɗe kuwa kullum ƙasansa a jiƙe. Wa yake tsayawa a wurin babu takalmi?"

Na dubi ƙafafuna. Babu takalmi.

"In kuwa an ɗaure ƙarfen da wayar ƙasa," in ji shi, "da wuta ta hau shi sai ta bi ta sauka, bireka mai yanke wuta ta ji, ta faɗi. Inji ya tsaya, a yi tsaki, a kira ni. Shi ke nan."

"Duk na ji," in ji ƙanin. "Amma doka ce, ko dai tsabar son aikinka ne? Ni tun da nake, ban ga wanda ya zo ya tona ya duba ba."

Malam ya ce in ɗauko masa littafin da ke ƙasan akwati. Na san shi: littafin ƙa'idojin aikin wuta da ya yi karatu da shi a makarantar koyon sana'a, na Turanci, bangonsa ya fita, yana naɗe cikin leda. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har ya samu wurin, ya miƙa wa ƙaninsa ya ce ya karanta da kansa. Ni ba na jin Turanci sosai, sai ya faɗa mini da Hausa: duk ƙarfen da ya rufe waya mai wuta, wanda zai iya ɗaukar wutar in wani abu ya lalace, dole a haɗa shi da ƙasa. Sulke yana ciki. Ko an ja wata wayar ƙasa daban a gefe, ba a barin sulken haka nan.

Ƙanin ya karanta, leɓensa yana motsi. Ya rufe littafin ya ce, "To Turawan da suka rubuta sun san farashin gilan a Laranto?"

Baba ya yi dariya har da tari. Gilan wani zoben tagulla ne mai zare da ake ɗaure bakin kebur da shi a jikin akwati. Yana cije ƙarafan sulke, daga jikinsa kuma ake fitar da wayar ƙasa. Shi ne abin da Malam ya ce a jira, a ranar da nake fenti. Ya zaro guda biyu daga jaka, sababbi, a Bukuru ya saye su. Ya ajiye su kan dutse. Babu sauran ƙarfen da za su ciza.

Nan matsalar ta fito sarai. Sai an yanke ɓangaren da aka feɗe, a jawo mai sulke ya hau bango har akwati. Tsawon hannu a gida, tsawon hannu a shago. Kebur kuwa ba shi da ragowa. Ƙanin ya ce a naɗa wayar tagulla a jikin ƙarfen can ƙasa a rufe. Malam ya ce damina ɗaya zai yi tsatsa ya saki, ba mai gani. Na ce a sauko da akwatin ƙasa. Ya ce inda ruwan wanke inji yake kwanciya? Neman irin kebur ɗin kuwa, a makon Sallah, shi kansa ya ce bai san inda zai samu ba. Na ji idona ya ciko. Na juya baya ina gyara ɗankwali.

Baba ne ya yi magana. Yana ta kallon layin ramin da aka rufe, yadda ya taho ya yi gwiwa ya zagaye dutsen.

"Injiniya, wannan kebur ya yi yawo da yawa. In ya tafi miƙe, nawa zai rage?"

Malam ya tashi ya auna da igiya, sau biyu. Ya ce zai rage hannu biyu da ɗan ɗori. Sai dai dutse ne a hanya.

Baba ya sa aka ɗauko masa guduma. Ya zagaya dutsen yana bugawa a hankali, kunnensa a karkace, kamar mai sayen kankana. A wani wuri sautin ya canza. Ya ja layi da gawayi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ga jijiyan shi nan. Wuta da ruwa ne maganin shi. 'Yata, kar ki yi kuka. Mun fasa wanda ya fi wannan, babu inji, babu komai."

Daga nan zuwa Laraba ban san na zauna ba. Ranar Litinin bayan asuba, cikin sanyin nan namu mai shiga ƙashi, Malam da ƙaninsa suka tone ramin da hannu da ƙaramin shebur, don kada su ji wa kebur ciwo, suka ɗaga shi suka naɗe can nesa da inda za a hura wuta. Ƙanin ya zo tun kafin a kira shi, ya bar aikinsa na ranar. Ya ce mini, "Matarmu, ke kika ja mana, ke da filayarki." Na ce, "Wa ya ce minti ashirin?" Ya ce shi bai faɗi na wace rana ba.

Itacen da na tanada don suyar naman Sallah duk na kwaso. Mama ta kawo nata na Kirsimeti, ta ce in Allah ya kai mu a san yadda za a yi. Mai shayin bakin gada ya aiko da kututture biyu. Baba ya jera itacen a kan layin gawayinsa, aka kunna. Ya zauna da sandarsa yana ba da umarni: a ƙara nan, a ja can, kada a bari harshen ya watse. Wutar ta ci tun hantsi har la'asar. Masu wucewa suna tsayawa su tambaya ko rago ake gasawa tun yanzu. Mata biyu suka zo tabbatar da maganar Laraba, suka ga rami a buɗe, kebur a naɗe, hayaƙi ya rufe shago. Ɗaya ta ce, "Anya kuwa?" Na ce, "Ku dai jiƙa wakenku." Da suka tafi na koma bakin wutar.

Bayan la'asar Baba ya sa aka janye garwashin gefe, ya ce kada a zubar. Ya ce kowa ya ja baya, a bar maza biyu da bokitai. Ruwan rijiyarmu a watan nan kamar ƙanƙara yake. Suka watsa a tare. Tururi ya tashi fari fat har ba ma ganin juna, sai muka ji tas! kamar an harba bindiga. Da tururin ya washe, ga tsaga siririya ta bi layin Baba daidai, kamar da rula aka ja ta. Na yi guɗa, Mama ta yi, yaran layi suka ɗauki ihu. Baba bai tashi daga kujera ba. Ya ce, "Gobe zai buɗe baki."

Ranar Talata aka sa ƙarafan mota biyu da aka aro wurin makaniki, aka cusa a tsagar, maza shida suna dannawa Baba yana ba su baki. Kafin azahar rabin dutsen ya mirgina gefe. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa baƙa ce, mai danshi, tana ƙanshin damina a tsakiyar rani. Malam ya dumtsa ya murza a hannu, fuskarsa ta washe. Ya ce tun da ya gina shagon yake tunanin inda zai kafa sandar ƙasa, don ko'ina ya gwada dutse ne, ga shi wuri ya zo da kansa. Aka haƙa rami zurfin ƙugu a gefe, ya buga doguwar sandar tagulla har ta kusa ɓacewa. Gawayin wutar jiya aka zuba kewaye da ita, da gishiri, bisa yadda masu aikin wuta suke yi don wurin ya riƙe danshi. Gishirin naman Sallata ya tafi a nan, na Mama ma ya bi shi.

Suka shimfiɗa kebur ya bi ta tsakanin ɓarin dutsen biyu, miƙe kamar an ja zare. Na riƙe numfashi sa'ad da Malam ya ɗaga bakinsa a bangon shago. Ya kai, har da ragowar yatsa huɗu. Ya yanke wurin da aka feɗe, ya zauna a ƙasa ya baje ƙarafan ɗaya bayan ɗaya kewaye da gilan, ba wanda ya hau wani. Na gida kuwa ƙaninsa ya miƙa wa, ya ce shi zai ɗaura. Ya ɗaura, Malam ya duba, ya ce a kwance a sake. Ya sake. A karo na biyu Malam ya ja kebur ɗin da ƙarfi, bai motsa ba, ya ce, "To." Ƙanin ya ce mini yau shekara goma sha biyar yana jiran wannan "to" ɗin.

Kafin magariba Malam ya ɗaure jikin injin da koriyar waya zuwa akwati, ya haɗa komai da sandar, ya bi su da abin awonsa mai allura yana dubawa gaɓa-gaɓa. Na ce mu gwada. Ya ce an ɗauke wuta tun azahar, ban lura ba? Ban lura ba.

Laraba gari ya waye babu wuta. Ƙarfe bakwai bokitai sun fara jeruwa: tumatur, tattasai, waken alale, jiƙaƙƙiyar shinkafar waina, gero. Ƙarfe takwas layi ya wuce dutsen. Mata suka zauna kan ɓarinsa biyu suna hira, ana tambayar wa ya fasa shi, Baba yana zaune a ƙofarsa kamar ba shi ba. Ni ina tsaye a shago da sababbin takalman roba da Malam ya ajiye mini a bakin ƙofa da safe. Na share wurin sau uku. Wata ta duba rana ta ce ita dai in tara ta yi za ta kama hanyar Laranto. Malam ya kunna makunnin fitilar zaure don mu gani in an kawo, ya jingina da bango, hannunsa a kan aljihun gaba.

Tara saura kaɗan muka ji ihun yara daga can hayin gada, yana tahowa gida-gida. Fitilar zaure ta kama.

Malam bai yi gudu ba, ko a ranar. Ya ɓalle maɓallin aljihu, ya zaro fis, ya yi bisimilla ya mayar. Ya tako taku arba'in ɗin nan mata suna buɗa masa hanya. A shago ya ɗaga bireka, ya danna ɗan maɓallin gwaji da ke jikinta, ta faɗi ƙwas. Mata suka yi "wayyo!" Ya yi murmushi ya ce haka ake so. Ya sake ɗagawa, ya ja gefe.

"Manaja, bisimilla."

Na danna. Injin ya tashi.

Bokitin Mama na fara zubawa, duk da ba ita ce a gaba ba, kuma ba wadda ta yi ƙorafi. Daga nan ban ƙara ɗaga kai ba. Na manta da yunwa, na manta da yajin da ke idona. Wuta ta tsaya har la'asar, abin da ba ta saba yi ba, kuma bokitin ƙarshe yana fita ba da daɗewa ba aka ɗauke. Babu wadda ta tafi Laranto. Na zauna kan bokiti a kife, hannuwana suna zogi, ina dariya ni kaɗai.

Malam ya shigo ya duba gilan, ya taɓa jikin injin ko ya yi zafi. Na ce masa gobe zan cire maƙalan nan in zubar, don kunyarsu nake ji. Ya ce a'a, aikin hannu ne mai kyau, wurin da aka samo ƙarfen ne kawai ba daidai ba. Ya cire hularsa ya rataye a na ƙarshe, na kusa da ƙofa, ya naɗe hannun riga ya taya ni wanke injin. Tun daga ranar, duk sa'ad da ya shigo shagon nan yake rataye ta.

Ya koya mini in rani ya yi tsanani in riƙa zuba ruwan wanke inji a kan ramin sandar, in kuma danna maɓallin gwaji duk farkon wata. Ina yi. Su Baba sun koma wajen 'ya'yansu, ƙanin Malam ne yake zuwa duba mini wayoyi, kuma na ji an ce yanzu ba ya ɗaura kebur mai sulke babu gilan, ko mai aiki ya yi ta mita. Ɓarin dutsen biyu suna nan, ana shanya barkono a kai.

Rariyoyina sun ƙaru, wurin rataya ya yi mini kaɗan. Amma cikin maƙalan bakwai, shida nake amfani da su.